Hadarin da Na Ce Ya Yi Kudu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Surukina, mahaifin matata, wanda nake kira Baba kamar yadda 'ya'yansa suke kiransa, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Ƙofar Wambai, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Sama fes take ranar, ko ɗigon gajimare babu, har wani cikin masu ɗaukar makara ya ce da Baba yana da rai da ya ce kowa ya tafi harkarsa, yau babu baƙo. Baƙo shi ne sunan da Baba yake kiran hadari da shi.

Mun shimfiɗa tabarmi daidai dangi da 'yan unguwa, sai ga shi ba su isa ba. 'Yan hatsi na Kasuwar Muda Lawal sun zo mota biyu. Manoma sun zo daga Zungur, wasunsu ko sunan Baba na yanka ba su sani ba, sai dai su ce sun zo gaisuwar mai duba hadari. Akwai wani ɗan kudu mai sayar da kwanon rufi, Kirista ne, ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, ana addu'a yana ɗaga hannu tare da kowa. Da aka shafa ya matso wajen babban ɗan marigayin ya ce, "Wannan Baba, ni ina sayar da kwano, shi yana hana kwano tashi, amma ba mu taɓa faɗa ba. Matana ya yi kuka da ya ji." Mutane suka yi dariya, wasu suna share ido.

Can sai ladanin unguwa ya dogara sandarsa ya gyara ƙafarsa mai ɗingishi, ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak ya yi kuskure, kuma a kaina ya faɗa. Na yafe masa tun ina kwance a asibiti."

Kowa ya ce Allah sarki. Ni ina tsugune ina zuba ruwa a butoci, sai da na jiƙe ƙafar wani bawan Allah. Ranar da ladan yake magana a kai, Baba ba ya gani, ni ne idonsa, kuma ƙarya na yi masa. Shekara biyu abin yana cin raina, kullum ina tunanin ko zan iya buɗe baki in faɗa masa kafin ɗayanmu ya mutu. Washegarin sadakar uku na je gidan ladan na ba shi labari da bakina. Da na gama ya ce tunda a gaban jama'a aka yi maganar, jama'a ya kamata su ji yadda aka yi. Dalilin da ya sa direban a-kori-kura kamar ni ya zauna rubutu ke nan.

Baba ya yi aikin gwamnati a ofishin gona, kuma aikinsa awon ruwan sama ne. Kowace safiya ya je ya duba wani gwangwani mai baki kamar mazurari, ya rubuta abin da ya taru a ciki. Abokan aikinsa su rubuta su tafi shan shayi. Shi kuwa abin ya shiga ransa. Ya ce bai ga amfanin auna ruwa bayan ya gama ɓarna ba, gara a tare shi a hanya a ga abin da ya ɗauko. Da ya yi ritaya sai ya sayi babur, kuma tun daga lokacin duk mai neman Baba da la'asar a farkon damina, to ya bi hanyar Gombe. Akwai wani falalen dutse a gefen titi, inda gabas take buɗe sarai ba bishiya ba gini. Nan ne ofishinsa na biyu.

Kafin zuwan wayar hannu, tsayawa yake har sai ya tabbatar da inda hadarin ya nufa, sannan ya hau babur ya yi tsere da shi zuwa gari, babbar riga tana tashi a bayansa, yana ta danna hon. Ya fara biyawa kasuwa, 'yan hatsi su ja tampol su rufe buhuna. Ya wuce masallacin unguwa, ladan ya faɗa a lasifika. Mata su kwashe shanya, a sallami yaran Islamiyya, maza su hau rufi da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Da waya ta zo, lamba uku kawai ya sa aka ajiye masa: ta shugaban 'yan hatsi, ta ladan, da ta wani abokinsa manomi a Zungur, wanda yake kira idan hadari ya karkata kudu.

Ba kowane hadari yake tayar wa mutane hankali a kansa ba, shi ya sa idan ya yi magana ake tashi tsaye. Akwai wanda yake kira na manoma, mai faɗi ne, baƙi ƙirin, yana tahowa a hankali. Wannan sai dai ya tsaya ya yi masa sannu da zuwa ya bari ya jiƙe shi. Akwai mai baki, sai rugugi da walƙiya, ruwansa bai cika buta ba. Sai na ukun, wanda yake kira mai juyi, kuma idan zai ambace shi sai ya rage murya. Yakan ce, "Kowa kan hadari yake kallo, don nan ne mai kyau. Ku dubi gindinsa."

Ba kowa ne ya ji daɗin sana'ar ba. Wani matashin malami da aka kawo masallacin unguwa ya taɓa cewa a wa'azi akwai masu da'awar sanin gaibu da sunan duba gajimare. Bai kama suna ba, amma duk sahu ya waiga. Bayan salla Baba ya tare shi a ƙofa ya ce, "Malam, idan ka hango babbar mota ta taho ba birki ka ce wa mutum ya kauce, gaibu ka sani? Ban taɓa cewa gobe za a yi ruwa ba. Abin da ya riga ya taso nake faɗa." Suka yi wata guda gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu. Ana nan sai malamin ya tashi walimar auren ƙanwarsa, ya aiko a tambayi Baba ko za a iya yi a fili. Baba ya ce a gaya masa bai san gaibu ba. Amma ranar walimar, ana sallame la'asar, sai ga hon ɗin babur a ƙofar gidan malamin. Aka kwashe tabarmi aka shige zaure, ruwa ya kece. Daga baya malamin yana cikin waɗanda suka fi yawan zuwa duba shi a jinya.

Washegarin kowace babbar iska kuma da sassafe za ka gan shi da guduma da ƙullin wayar ɗauri, yana bin lunguna. Gidajen da ba namiji yake fara shiga. Guntayen kwanon da ɗan kudun nan yake tara masa, da su yake toshe wa tsofaffi rufi. Idan an kawo masa koko ya sha, idan an fara dogon godiya ya ɗauki gudumarsa ya yi gaba, ya ce rana tana yi.

Daga baya ciwon ido ya kama shi. Aka yi ta zuwa asibiti har aka ce an makara. Gani ya yi ta raguwa har ya zama sai dai ya bambance haske da duhu, amma bai daina hawa babur ba, sai da ya kusa shiga ƙarƙashin motar itace. Ranar babban ɗansa, yayan matata, ya zare makullin ya sa a aljihu. An yi rigimar da ba a taɓa yin irinta ba a gidan. Baba ya ce tun da ransa an fara rabon gadonsa, ya kwana biyu bai taɓa tuwo ba. Yaya kuma ya ce gara Baba ya yi fushi da shi da a kira shi ya ɗauko gawa a titi. Duka biyun suna da gaskiya, shi ya sa aka rasa mai raba su.

A kwana na uku ina cin abincin rana matata ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Inna ta ce a tambaye ka ko motarka tana da aiki da la'asar." Tana faɗa tana danne dariya, don ta san wanda take aure.

Ni dai tsoron tsawa nake yi, kuma ba ƙaramin tsoro ba. Ina yaro a ƙauyenmu tsawa ta faɗa kan wata tsamiya ta kashe shanu biyu ina kallo, kuma tun ranar idan sama ta yi rugugi hankalina yake tashi. Da girmana da gemuna, idan hadari ya haɗu sai in tuna akwai abin da nake nema a ƙuryar ɗaki, kuma ba na samunsa sai an ɗauke ruwa. Matata ta sani, tana yi mini tsiya da shi. Amma saƙon suruka ne, a kan buƙatar suruki. Na ce a gaya wa Inna motar ba ta da aikin komai.

Wanda bai san kunyar surukuta ba zai ce me ke ciki. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa a lokacin, ban taɓa zama tabarma ɗaya da Baba ba. Daga bakin zaure nake cire takalmi in tsuguna in gaishe shi, kaina a ƙasa, shi ma yana kallon gefe. Ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Malam, ni da karatuna bai taka kara ya karya ba. Yanzu ga mu a gaban a-kori-kura, kafaɗa tana gogar kafaɗa, duk lokacin da zan canza giya sai na ce a gafarce ni don hannuna yana taɓa gwiwarsa. Fitarmu ta farko har muka kai falalen dutsen babu wanda ya ce uffan.

Inna takan ba mu fura a jarka. Ni ba zan sha a gabansa ba, shi ma ba zai sha a gabana ba, haka muka mayar da ita gida sau biyu har ta yi tsami. A karo na uku muna isa sai ya ce, "Malam, bari in ɗan taka zuwa can in ji iska." Ya lallaɓa da sandarsa ya tsaya ya ba ni baya, ya daɗe a haka. Sai da na shanye rabona na yi gyaran murya ya juyo. Ni kuma na ce bari in duba tayar baya. Damina huɗu muka yi a haka, shi yana jin iska ni ina duba taya, kuma ba mu taɓa maganar ba.

A kan dutsen nan ya mayar da ni idonsa. Ya tsaya ya ɗaga fuska, hula a hannu, yana jefo mini tambaya.

"Malam, kansa ya baje ko yana nan a tsaye?"

"Ya baje, Baba, kamar faifai."

"Gindinsa fa, a shimfiɗe yake ko akwai inda ya zazzago?"

"A shimfiɗe."

"Ciyawar gabanka ina take kwantawa, wajensa ko wajenmu?"

Da farko amsa nake ba shi kamar ɗan makaranta, ina salati a ciki. A hankali na fara gani da kaina. Na gane cewa idan walƙiya ta haska aka daɗe kafin tsawa, to da sauran tafiya. Na gane sanyin da yake riga ruwa isowa, wanda idan ya taɓa fuskar Baba yake cewa a miƙo waya. Wata rana bayan hadari ya wuce, rana ta kusa faɗuwa, sai ƙasan gajimaren ya yi ƙulu-ƙulu kamar hantsar shanu, ja-ja-jur, daga wannan gefe na sama har wancan. Na tsaya baki buɗe na manta da shi. Ya ce, "Ka yi shiru, Malam. Hantsar ce ta fito ko?" Na ce ita ce. Ya ce in ci gaba da kallo, ba sai na faɗa masa ba, yana da tasa a ka. Shekara arba'in da wani abu ina ƙarƙashin saman nan ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba sai da makaho ya nuna mini, kuma har gobe ina gode masa.

Wata rana kuma ƙanƙara ta same mu a dutsen. Muka gudu mota, tana dukan rufin kamar ana watsa tsakuwa. Baba ya zuge gilashi ya miƙa hularsa waje, ya tari ƙwara uku ko huɗu, ya jefa ɗaya a baki yana tsotsa yana dariya kamar ba shi ne ya haifi matata ba. Sai da ya haɗiye ya tuna a gaban wa yake. Ya gyara zama ya ce ai wannan magani ne, ba abinci ba.

Mai juyi kuwa sau uku kacal ya ce ya taɓa ganinsa a rayuwarsa. Ya siffanta mini shi har na haddace. Shi kaɗai yake tsayawa, ba ya cikin jerin sauran. Kansa ya haye sama fiye da kowane hadari, ƙasansa ya yi wani irin kore-kore, sannan wani ɓangare na gindinsa ya zazzago yana juyawa a hankali kamar ana tuƙa tuwo. Iska ba daga wajensa take zuwa ba, wajensa take tafiya. Ya ce irin wannan ba ya bin hanyar da sauran suke bi, kuma ba a gane inda ya dosa daga nesa. "Duk ranar da ka ga haka, Malam, ka faɗa mini nan take. Akwai wani tudu a gaba, can za mu matsa mu tsaya." Na ce to, ina roƙon Allah kada Ya nuna mini ranar.

Ranar ta zo a farkon daminarmu ta huɗu. Tun safe zafi ya danne gari, ko ganye ba ya motsi. Muna isa dutsen bayan la'asar na ɗaga kai na gan shi, komai da komai yadda Baba ya faɗa. Shi kaɗai ne a gabas, ya tokare sama, ƙasansa kore kamar ruwan kududdufi. Gindin ya zazzago har na ga kamar zai taɓa bishiyoyin can nesa, kuma yana juyawa. Walƙiya tana ta wasa a cikinsa ba hutawa. Ba a buƙatar wani tudu, ko jariri ya ga gari ya nufa. Amma na san Baba. Idan na ce mai juyi ne ba zai taɓa waya ba sai mun matsa ƙarƙashin abin nan. Na ji warin tsamiyar ƙauyenmu a hancina.

"Malam, yaya baƙon namu?"

"Ba wani abu ba ne, Baba. Ya fara watsewa, ya yi kudu."

Ya ɗaga fuska sama. Iska tana bugun bayanmu, rigarsa tana ja wajen hadarin.

"Kudu ka ce, Malam?"

"Kudu, Baba."

Wayar tana hannunsa, yana shafa madannanta da babban yatsa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Daga ƙarshe ya kira abokinsa na Zungur ya ce su ɗan kintsa. Bai kira kasuwa ba, bai kira ladan ba. Ya ce, "To mu tafi gida."

Na yi gudun da ban taɓa yi da shi a mota ba. Ina shigar da shi zaure iskar ta iso. Ban taɓa jin irin ƙarar ba, kuma ba na fatan sake ji. Ƙanƙara, ƙura, rassan bishiya, kwanon rufi yana yawo a sama kamar takarda. Babu wanda ya shirya, don Baba bai yi magana ba. A kasuwa buhunan masara da gero suna fili, suka sha ruwa, da yawa suka tsiro. Ladan da ya ji iska ta yi tsanani sai ya fito ya hau matakalar masallaci zai yi kiran salla, kamar yadda aka saba yi idan iska ta ɓaci. Kwano ya taso daga rufin maƙwabta ya kwashe shi daga matakalar, ƙafarsa ta karye wuri biyu. A Zungur ko yayyafi ba a yi ba.

Washegari zaure ya cika. Babu wanda ya yi masa rashin kunya, amma tambayar ɗaya ce, yau Baba ina yake. Ina tsugune a bakin ƙofa, ina jira ya ce ku tambayi direbana. Sai ya ce, "Ni ne ban gane shi ba. Tsufa ya zo, ku yi haƙuri." Yaya ya ce to daga yau an gama fita. Kowa ya gyara zama yana jiran rigima, sai Baba ya ce ya yarda. Ya miƙa wa Inna wayar ya ce ta ajiye. Wata biyu kullum sai an riƙe masa sanda an kai shi asibiti ya zauna gefen gadon ladan.

Daga nan aka daina cewa mai duba hadari, aka koma cewa tsohon nan da yake duba hadari a da. Idan sama ta haɗu da la'asar sai ya sa a fitar masa da kujera tsakar gida, ya zauna fuska a sama, ba ya ce wa kowa komai. Sau uku ina ɗaura niyya in je in faɗa masa. In tsuguna a bakin zaure, in ce Baba ina wuni, ya ce Malam yaya iyali, yaya mota, shi ke nan in kasa faɗa in tashi. Da wane ido zan dubi mahaifin matata in ce ni matsoraci ne kuma maƙaryaci, kuma na bar shi ya sha kunyar da tawa ce? Ko matata ban faɗa wa ba. Ta dai lura na daina ɓuya a ƙuryar ɗaki, sai dai in zauna a bakin ƙofa in yi tagumi har a ɗauke ruwa.

Da jinya ta yi nauyi, dangi suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya ana neman gafarar juna. Na ga idan na bari wannan ta wuce, sai dai a lahira. Wata safiya da hantsi na roƙi Inna ta ba ni wuri. Ta dube ni da mamaki, ta ɗauki kwanon kununsa ta fita. Na tsuguna a bakin ƙofa.

"Malam ne? Matso, muryata ba ta kai nan."

Na matsa har gefen katifarsa. Ya rame ƙwarai, idanun a buɗe suna kallon rufi.

"Baba, hadarin nan na bara waccan. Bai yi kudu ba. Mai juyi ne, ina kallonsa yana juyawa, gari ya nufa kai tsaye. Tsoro ne ya kama ni, na san idan na faɗa za ka ce mu matsa. Na yi maka ƙarya, kuma na yi shiru ka ɗauki laifin a gaban mutane. Ka yafe mini don Allah."

Na faɗa a guje don kada in fasa. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Malam, makancewa na yi, ba mutuwa ba. Rigata gabas take ja. Na sani tun kafin ka rufe baki."

Na rasa inda zan sa kaina.

"Waya tana hannuna," in ji shi. "Da na kira ladan, na ƙaryata ka ke nan a kan idonka, kai mijin 'yata. Na tsaya ina auna kunyarka da rufin mutane, na zaɓi kunyar. Wannan ba kai ka zaɓa mini ba. Da na ce wa jama'a ni ne, ba rufa maka asiri kawai na yi ba, gaskiya na faɗa. Idan wata rana za ka ba da labarin, ka faɗi naka ka faɗi nawa, kada ka wanke ni. Naka kuwa na yafe tun a mota."

Na fara godiya, hawaye yana zuba a kan tabarma, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ban gama ba. Akwai wanda ya fi wannan damuna. Damina huɗu ina zaune kusa da kai. Ina jin yadda numfashinka yake canzawa idan an yi tsawa, ina jin salatin da kake yi ƙasa-ƙasa. Tun fitarmu ta farko na san tsoro kake ji. Ban taɓa cewa ka huta ba, don ina son zuwa, kuma na san ba za ka iya ce mini a'a ba. Da kunyarka na yi ta hawa motarka, Malam. Kai ne za ka yafe mini."

Ya miƙo hannu yana lalube a iska. Shekara goma sha bakwai ina surukinsa, tafin hannuna bai taɓa shiga nasa ba. Na kama shi da hannu biyu. Na so in ce ba komai, na so in ce ai ni ne na ci riba, amma ya riƙe ni gam yana jira, kuma na gane ba zai sake ni ba sai ya ji kalmar da kunnensa.

Na ce, "Na yafe, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu na ji sanyi."

Kwana shida bayan nan ya cika. Na rubuta nawa na rubuta nasa, kamar yadda ya umarce ni. Duk wanda iskar ranar ta taɓa, a jiki ko a dukiya, ina roƙonsa ya yafe mana mu biyu. Allah Ka gafarta wa Baba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a gidan da ya fi wannan. Amin.